Tangaran ɗin Kakiemon: me ya sa farinsa ya bambanta?

Maizane:
Salamu alaikum. Ina bibiyar tarihin Sakaida Kakiemon na 14, mai tangaran na garin Arita a Japan (1934–2013). Don Allah, mene ne nigoshide da ake yaba shi a kai, kuma me ya sa ake cewa yinsa da wuya?

Baba Maitangaran:
Wa'alaikumussalam, Malam. A bakin mutanen yankin Saga, inda Arita take, nigoshi ruwan wankin shinkafa ne, nigoshide kuwa tangaran ne mai irin wannan farin. Sauran tangaran na Arita farinsu da ɗan shuɗi-shuɗi, wannan kuwa fari ne kamar madara, shi ya sa jan fenti ke fitowa rangaɗau a kansa. Dutse iri uku na wurare uku a Arita ake dakawa a haɗa: na Izumiyama kashi 6, na Shirakawa 3, na Iwayagawachi 1. Ana tace ƙarfen ciki sosai, ruwan ƙyallin da ke sa jikin tangaran sheƙi kuma a shafa shi siriri. Wahalar a wuta take: kowane dutse da yadda yake motsewa, sai faranti ya karkace ko tulu ya tsage. Asarar ce ta sa aka bar shi a ƙarni na 18, sai 1953 kakan Kakiemon na 14 da mahaifinsa suka farfaɗo da shi.

Inna Yumɓu:
Ƙari a kan bayanin Baba: sau uku ake gasa shi. Na fari wajen digiri 900 a ma'aunin Celsius, don jikin ya yi ƙwari ya sha ruwan ƙyalli. Na biyu wajen 1300. Sannan a yi zane, a mayar wuta wajen 800. Jan daga tsatsar ƙarfe ake samunsa, ana niƙa shi ya yi laushi matuƙa; in zafi ya zarce sai ya dushe ya koma ƙasa-ƙasa, in bai kai ba ya ƙi kama jiki.

Maizane:
Na gode, Inna. Shi kansa Kakiemon na 14 wane ɓangare ya riƙa yi?

Baba Maitangaran:
Aikin gidan rabe yake, mai murza yumɓu daban, mai fitar da layi daban, mai cika launi daban. Shi zanen gargajiyar Japan ya karanta a jami'ar Tama, ya kuma riƙa fita daji yana zano furanni da ciyayi su zama samfur. Ya gaji sunan Kakiemon, wanda ake gada a gidansu, a 1982, gwamnati ta sa shi cikin gwanayen da ake kira taskar ƙasa mai rai a 2001. Ka dubi farantinsa, reshe ɗaya a gefe, sauran fili fari fat. A ganina gwanintarsa a nan take.