Wane baƙin mai zan zuba wa tarakta ta?

Assalamu alaikum. Makanikai da manoma 'yan'uwa, a taimaka mini da shawara. Ina da ƙaramar tarakta Massey Ferguson 240 ta hannu, mai injin Perkins silinda 3, ina huɗa da ita a wajen Haɗeja. Lokacin juyen mai ya yi, littafinta kuwa bai zo da ita ba.

Makanikina ya ce in zuba SAE 40 zalla, wai tsohon inji sai mai kauri, balle a zafinmu da ke haura digiri 40 a Afrilu. Mai shago kuma ya dage kan 15W-40, wanda ba ya yin kauri sosai a sanyi, ya nuna mini CI-4 a jikin galan, ya ce harafin C ɗin nan shi ne na injin gas, wato dizal. Ni dai na fi karkata ga nasa, saboda da asubar hunturu da ƙyar take tashi.

Abin da ya tsayar da ni: idan ta ɗauki zafi tana ɗan fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, mai kuma yana raguwa a sandar awo. Shin 15W-40 zai ƙara mata shan mai? Ko matsalar ringin fistan ce, ba ruwan mai? Sannan da ƙurar nan tamu, awa 250 ba ta yi yawa ba kafin juye da canjin filta?

Allah ya saka da alheri.