Abin da aka ce kan toshewar bututun wanke-wanke da na injin wanki

A wani zaman suna a Garwa aka tayar da zancen, ga abin da na tsinta. Mafi yawan mata sun yarda maiƙon miya ne ke daskarewa a bututu, ya haɗu da shinkafa da yashin goge tukunya. Wata Hajiya ta ce ruwan zafi da omo kawai. Gaskiya ne, amma sai in toshewar ba ta yi nisa ba. In ta ƙi, a tara bokiti a kwance gwiwar nan da ke ƙarƙashin kwamin, a zazzage. Mai ɗakinmu ta ce ta taɓa ciro cokalin shayi a nan.

An yi gardama kan zuba soda (kostik) a bututun. Ni dai ban so, tana ƙona hannu, kuma kada a kuskura a haɗa Jabel (ruwan bilic) da wani maganin wanki.

Injin kuwa, a fara zare wuta, a buɗe matatar da ke ƙasa ta gaba: galibi tsabar sefa ce ko fil ɗin ɗankwali. In duka biyun suna amai tare, musamman a Agusta, mai yiwuwa ramin ruwan ne ya cika, sai a kira mai gyaran famfo.