Ribas da ƙaramar tirela a bayan mota: yadda kowa ya koya

Mai hayar kanofi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Na sa an ƙera mini ƙaramar tirela mai taya biyu a kasuwar Panteka ta Kaduna, ina ɗaura ta a bayan Hilux ina kai kujeru da kanofi da janareta wuraren biki. Tafiya gaba lafiya lau. Damuwata shigar da ita gida da baya. Layinmu matsattse ne, ga kwata a bakin get, kuma da na karya sitiyari dama sai tirelar ta nufi hagu, kafin in ankara ta naɗe ta kusa taɓa bodi. Yanzu kwance ta nake yi yara su tura, in kuwa janareta na ciki ba ta turuwa. Waɗanda suka saba, don Allah yaya kuka koya?

Tsohon direban tirela, Mararraban Jos:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ce hannunka ne ba shi da kyau. Taka ta fi wadda muke ja wahalar ribas, kuma tsawo ne dalili. Tamu akwai nisa sosai daga inda ta haɗu da kai zuwa tayoyin baya, in ka karya sai ta ɗauki lokaci kafin ta amsa, kana kallonta a madubi tana zuwa. Taka gajera ce, tana jin sitiyari take lanƙwashewa. Ga shi ƙugiyarka tana can bayan tayoyin mota, tamu kuwa a kansu take zaune, shi ya sa ɗan motsi kaɗan yake wurga taka gefe.

Ina yaron mota, ogana ba ya bari in sa giyar ribas sai na sauka na zagaya wurin da ƙafa, na ga rami, na ga turken wuta, na duba sama ko akwai waya. Bayan wannan sai tsayuwa, kuma a nan ake cin ribas ko a faɗi. Shigo layin ta yadda get zai kasance a hagunka, ɓangaren direba, ko da zai sa ka zagayo ta wani layin. Wuce get ɗin har tayar tirela ta gota shi, ka ɗan kautar da kan motar zuwa dama kafin ka tsaya, sai ka ga bayan tirelar ya riga ya kalli ƙofa. Daga nan tayar hagu za ka riƙa kallo ta taga. In ta dama ka lanƙwasa, da zarar ta karkata ta ɓace daga madubi, da ka kake tuƙi.

Mai koyar da tuƙi, Kawo:
Baba ya gama magana kan tsayuwa, bari in ƙara ta hannu. Ɗora hannu ɗaya a ƙasan sitiyari, wajen ƙarfe shida na agogo. Inda kake so bayan tirela ya tafi, can za ka kai hannun. Wannan kawai ya raba ka da lissafin dama ce hagu, hagu ce dama.

Ni fili nake kai mutum da sassafe, in jera jarkoki layi biyu, kuma ba kwana muke farawa da ita ba. Komawa baya a miƙe muke yi har ya iya. Da ya ga tirela ta fara cika madubin dama, sai ya ja hannu hagu kaɗan ya mayar. Inda kusan kowa yake maƙalewa shi ne bayan tirela ta ɗauki kwana: sai ya riƙe sitiyarin a karye yana jira. A'a, da ta ɗauka sai ka warware, motar ta bi bayanta. In ka ga kwanar ta yi yawa kada ka nemi gyarawa da baya, ba ta gyaruwa. Tsaya, matsa gaba ta miƙe, ka sake. Kuma ka riƙa leƙa gaban motar, don yana fita waje yayin da hankalinka ke baya, a nan ake gogar bangon maƙwabci.

Mai walda, Panteka:
Oga, kawo ta mu sa mata sanda biyu masu tsayi a kusurwoyin baya, ka ɗaura ƙyalle ja. Irin waɗannan ba su kai faɗin Hilux ba, in babu kaya ba ka ganinsu a madubi sai sun riga sun karkace. Mafi yawan waɗanda ake dawo mana da su gyara, ƙarfen gaba ne ya lanƙwashe ko ya fasa fitilar baya saboda naɗewa. In an ƙara wa ƙarfen nan tsawo, ribas yana sauƙi sosai. Janareta kuma ka ajiye shi a kan taya, ɗan gaba kaɗan, kada ya koma can ƙarshe ya ɗaga ƙugiya.

Mai abincin biki, Barnawa:
Ni ma da irinta nake kai kuloli da tukwane. Yayana ne ya koya mini, abin da ya fi nanatawa shi ne in cire ƙafa daga totur, motar ta tafi da kanta kamar mai tafiyar ƙasa. In na fara jin ƙaurin kuloci, tsayawa nake yi ya huce. Malam, masu jira su yi ta hon, haƙuri kawai za ka ba su.

Tsohon direban tirela, Mararraban Jos:
Hajiya ta tuna mini abu. A unguwa kana fara ribas mutane za su taru, wannan na cewa zo, wancan na cewa karya. Zaɓi mutum ɗaya, ku yi magana tun farko kan alamar tsaya da alamar zo. Ya tsaya a baya ta hagu inda kake ganinsa a madubi, kada ya kuskura ya shiga tsakanin mota da tirela ko tsakanin tirela da bango. Da ya ɓace maka, taka birki. Layukan Tudun Wada cike suke da yara, wannan maganar ba ta wasa ba ce.

Ɗan Unguwan Rimi mazaunin Ingila:
A nan mutane suna jan ɗaki tafi-da-gidanka zuwa wuraren hutu, kowa a ba shi ɗan fili da alama a ƙasa, ya shigar da ɗakin da baya ya daidaita da ita. Na ja na wani abokin aikina, kuma duk abin da Baba ya faɗa haka yake, sai dai da yake sitiyarinsu a dama yake, ta dama suke son lanƙwasawa. Ɗakin ya fi mota faɗi, dole a ɗaura ƙarin madubi. Tun Disamban 2021 mai lasisin ƙaramar mota yana iya jan tirela har mai nauyin kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ba, saboda haka sababbin hannu da yawa a filin suke koya. Wasu ma kwance ɗakin suke yi, akwai ƙaramin inji mai batir da ke murza tayoyin, su tura shi da rimot. Kwancewar da kake yi ba abin kunya ba ce, har masu ƙaramar taya a gaban ƙarfen ja suna yi. Ka tambayi mai walda ya sa maka irinta.

Manomi, Kujama:
Ni da tarakta na koya, kuma kwatar nan ce ta tsaya mini a rai. Auna faɗin silab ɗin da ke kanta, ka auna tsakanin tayoyin tirelar. Ka tabbata tirela ta gama miƙewa kafin ta hau, don in a karkace ta zo, taya ɗaya ce za ta zame ciki, da janareta a kai kuwa sai jak. Ajiye dutse a inda kake so tayar hagu ta juya, shi za ka riƙa nufa. Da damina, musamman Agusta, taka gefen kwatar da ƙafa ka ji ko ƙasa ta yi laushi. In za ka kwance ta a tsakar gida mai gangara, sa waji a tayoyi biyun kafin ka taɓa ƙugiya.