Ɗana ya fi ƙarfin kulob ɗinsu na ƙwallon raga, ta ina za mu bi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 15, tsayinsa mita 1.80, da hannun dama yake duka. A ƙaramin kulob ɗin da yake ya fi kowa duka, har kocin ya daina yi masa gyara. Amma da sun haɗu da babban kulob sai a riƙa auna shi da sabis, wato bugun fara wasa, ƙwallo na tashi daga hannunsa tana yin waje. Kwanan nan kuma yana kukan gwiwa bayan atisaye. So yake ya koma kulob mai ƙarfi. Me zai gyara, kuma yaya ake sauyin?

Wani koci: Wa alaikumus salam, Baban yaro. Wannan auna shi da ake yi da sabis ita ce maganar gaba ɗaya. Babban kulob cike yake da masu duka, mai karɓar sabis suke nema ruwa a jallo. Da wannan tsayin, gefen hagu ne wurinsa, wato lamba 4 a lambobin wuraren tsayuwa a fili, kuma mai wannan wuri shi ke raba karɓa da libero, ɗan wasan baya mai riga daban wanda aikinsa karɓa da tsaro.

Yawanci abu uku ke sa ƙwallo tashi waje: lanƙwasa gwiwar hannu, kaɗa hannuwa sama kamar mai kwasar ruwa, da makarar ƙafa. Na ukun ya fi yawa. Sabis mara juyi tana lilo a iska, tana sauya hanya dab da isowa, to in ya haɗe hannuwa tun da wuri ya ɗaure kansa. Ƙafa ta fara zuwa, hannuwa su haɗu daga baya, a miƙe, ƙwallo ta sauka ɗan sama da wuyan hannu. Kafaɗa yake karkatarwa zuwa inda seta, mai ɗaga wa masu duka ƙwallo, yake, tsakanin lamba 2 da 3, wato gaban dama da gaban tsakiya, kamar mita ɗaya daga raga. Gara ta gaza kaiwa raga da ta tsallaka wa abokan hamayya.

A yi masa sabis 50 a kowane atisaye, wani na gefe yana ba da maki: 3 in seta na iya ba kowa, 2 in zaɓi ya ragu, 1 in sai dai a ɗaga ta kawai, 0 in ta faɗi. A tara a raba da 50. In bai kai 2 ba, a dakata da batun zuwa gwaji a sabon kulob tukuna.

Wani alƙalin wasa: Malam, ƙari kan abin da koci ya faɗa, ku duba tsayin ragar da suke atisaye da ita. Ta manyan maza mita 2.43 ce, ta mata 2.24. Yaro da yawa "ya fi kowa duka" ne saboda ragarsu ta saki a tsakiya. Ku sa awo. Sannan ya shafa alli a yatsu ya taɓa bango sau uku: a tsaye hannu a miƙe, da tsallen gudu, da tsallen tarewa da hannu biyu. A rubuta duk wata, don waɗannan alƙaluma ne sabon koci zai fara tambaya.

Takun mai dukan dama hagu, dama, hagu ne, biyun ƙarshe da sauri, hannuwa su koma baya kafin tashi. In ya shige ƙarƙashin ƙwallo zai doke ta a bayan kai, ta yi waje ko kafaɗa ta sha wuya. A gaban kafaɗar dama ake samunta. A sabis kuwa daƙiƙa 8 yake da ita bayan usur, babu dalilin gaggawa.

Wata mai gashin ƙashi: Ni gwiwar ce ta tsaya mini, yayana. A wannan shekarun ƙashi na tsawo da sauri fiye da yadda jijiya ke miƙewa. In ciwon na ƙasan ƙoƙon gwiwa ne, daidai ɗan tudun da ke saman ƙwauri, kuma yana zafi in an danna, zai iya zama abin da likitoci ke kira Osgood-Schlatter. Zai kuma iya zama jijiyar ƙoƙon ce ta gaji da tsalle. Likita ne zai bambance, a kai shi kafin komai.

Kafin nan a rage tsalle sosai, musamman a kan siminti. Karɓa da sabis na tsaye ba sa buƙatar tsalle, ya duƙufa a kansu. Ya koyi dira da ƙafa biyu, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, kada su karkato ciki. Kwana biyu a mako ya yi tsugunno da ɗaga dunduniya a hankali, sau 10 zuwa 12 zagaye uku, da jan roba don kafaɗa. Barci awa 8 zuwa 10. Targaɗen idon sawu ma a kiyaye, yawanci a ƙarƙashin raga yake faruwa, in mutum ya dira kan ƙafar wani. Kada ya je gwaji da gwiwa mai ciwo, zai ɓoye ne ya ƙara ɓata ta.

Wani sakataren kulob: Batun sauyi, ta hannun kocinsa na yanzu za ku fara, don kulob ɗin ne zai ba da takardar saki, kuma kociyoyi suna tambayar juna. Ku tuntuɓi hukumar wasan da ke kula da gasarsu kan lokacin rajista, kada ya buga wa sabon kulob da tsohuwar rajista a kwashe musu maki. Takardar haihuwa ta gaskiya, ban da rage shekaru. Bidiyo kuwa a ɗauki zagaye guda cikakke daga bayan fili, a ɗan sama, lambar rigarsa na fitowa. Wanda aka tsinto duka zalla ba ya burge koci, so yake ya ga abin da yaro ke yi bayan ya yi kuskure.

In wani ya zo da zancen ƙasar waje yana neman kuɗi, ku yi hattara. Sauyi tsakanin ƙasashe sai da takardar shaidar sauyi da ake kira ITC, ta FIVB, hukumar ƙwallon raga ta duniya, kuma ƙa'idar 'yan ƙasa da 18 tana da tsauri.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. In suka ɗauke shi amma benci zai zauna fa?

Kocin: Ka tambaye su kai tsaye: kwana nawa ake atisaye a mako, mutum nawa ne a lamba 4, kuma suna da ƙungiyar matasa mai buga gasa? In suna da ita, ya je, ko da a babbar ƙungiya benci ne. In babu, ya nemi izinin kocinsa ya riƙa zuwa atisayensu sau ɗaya a mako, ya ƙarasa kakar nan a inda yake.