Maigidana soja ne a Fort George, in tattara yara in bi shi ko in zauna a Kumasi?

'Yar Zango:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa magana ba, yau dai abin ya ishe ni. Maigidana ya shiga sojan Birtaniya shekara huɗu ke nan, yanzu yana wani bariki a arewacin Sikotland da ake kira Fort George. Ni ina Kumasi a gidan surukaina da yara biyu, babban shekara shida, ƙaramar uku. Ya ce zai fara nema mana takardu mu zo. Da ya turo min hotunan wurin sai gabana ya faɗi: ganuwar dutse, igwa a jere, teku ta kewaye shi kusan ta ko'ina, sak Elmina da aka kai mu muna 'yan makaranta. Na tambaye shi a cikin wannan kurkukun za mu zauna? Sai ya yi dariya kawai ya ce in zo in gani. Surukata kuma ta ce kada in kai mata jikoki inda ba a jin kiran salla. Don Allah duk wanda ya san wurin ya faɗa min gaskiya, yaya zaman can yake, kuma in tafi ko in haƙura?

Tsohon Kofur:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ba a cikin ganuwar za ki zauna ba. Na yi aiki a can kafin in ajiye kaki. Waɗanda ke kwana ciki gwauraye ne da masu iyali a nesa irin mijinki yanzu. Gidajen masu aure yawanci suna garin Inverness, kamar kilomita 18 daga barikin, gida ne na sosai da kicin da ɗakin yara, kuɗin haya a albashi ake cirewa kuma bai kai na gari ba.

Kamar da kika gani da Elmina ta tsaya a dutse da igwa. Elmina Turawan Fotugal suka gina a 1482 don cinikin zinariya, daga baya ta zama wurin tsare bayi. Wannan kuwa tun farko don sojoji aka yi shi. Bayan yaƙin Culloden na 1746, da gwamnati ta murƙushe 'yan tawayen tsaunukan Sikotland, sai ta ce ba za a sake ba, aka fara gini a 1748 aka gama a 1769, aka sa masa sunan Sarki George na biyu. An yi shi don ya ɗauki soja 1,600. Abin dariya, kafin a gama ginin ƙasar ta lafa, har yau babu wanda ya taɓa kai masa hari.

Rayuwar yau da gobe kuwa ta soja ce kamar ko'ina. A tashi da duku-duku a yi gudu, sau da yawa a bakin teku iska tana marin fuska, a yi wanka a karya, a fito fareti, sannan kowa ya kama abin da aka tsara masa, ko aji, ko goge bindiga, ko gyaran motoci, ko filin harbi da ke daf da barikin. In kin ga jar tuta a can to ana harbi. Gadi bi da bi ne, ranar da ya faɗo kan mijinki ba zai kwana gida ba. Abin da ya bambanta shi da sauran barikoki shi ne 'yan yawon buɗe ido. Kana tafe da kayanka a kafaɗa wata tsohuwa daga Amurka tana ɗaukar ka hoto, saboda wani sashen a buɗe yake ga jama'a, akwai gidan tarihi na sojojin Highlanders, wato na tsaunukan Sikotland, a ciki, da tsohon ma'ajin albarushi, har da maƙabartar karnukan hafsoshi. Ni ranar da na fara ganin kabarin kare da dutse da suna na yi tsaye ina salati.

Uwargidan Soja:

Yaya Kofur ya faɗi na maza, bari in faɗi namu. 'Yar'uwa, ganuwa ba ita ce matsalarki ba, ke ba ma za ki dinga ganinta ba sai ranar biki. Matsalarki duhu da shiru. A watan Disamba rana sai kusan tara take fitowa, uku da rabi ta faɗi. Ki kai yaro makaranta gari bai gama wayewa ba, ki ɗauko shi magariba ta yi. Shekarata ta farko kuka nake a kicin ban san dalili ba. Ke da kika saba da zango, maƙwabciya ta leƙo ta ce a ɗan sam mata gishiri, yara na shiga gida suna fita, a nan kowa ya rufe ƙofarsa.

Kuma ki sani, zuwanki ba yana nufin kullum yana gida ba. Za a kwashe su atisaye mako shida, ko a tura su wata ƙasa wata shida. Ni na sauka da wata biyu aka tafi da nawa, ya bar ni da goyo da tukunyar ɗumama gida da ban iya kunnawa ba. Don haka ki tambaye shi tun yanzu, bataliyarsu tana da tafiya a shekara mai zuwa? In akwai, ki jinkirta har ya dawo. Kuma ki yi ƙoƙari ki sauka a watan Mayu ko Yuni, gari da haske har goman dare, ki san hanya, ki san mutane, ki yi wa babban rajista kafin a koma makaranta a watan Agusta. Wadda ta sauka a Nuwamba ita ce ke cewa a mayar da ita gida.

Duk da haka ban yi nadama ba. Yarana sun san ubansu. Da can ta waya suke ganinsa, ƙaramin har gudunsa yake in ya zo hutu.

Hajiya Babba:

Ni ban san Sikotland ba, amma na san aure. Shekara huɗu miji na can mata na nan, ya isa haka. Ki bi mijinki. Surukarki kuma kada ki yi jayayya da ita, ba ke za ki shawo kanta ba, ɗanta ne zai kira ta ya yi mata bayani. Ke naki ladabi.

Mai Ɗinki:

Hajiya ki gafarce ni, ban ƙi maganarki ba, amma a bar ta ta yi lissafi tukuna. 'Yar'uwa kina da sana'a a Kumasi? In kina da ita, ki san cewa za ki bar ta ki koma jiran albashin mutum ɗaya, wanda kuma ake aika wani abu gida daga ciki. Takardun ma ba kyauta ba ne, kowane kai da kuɗinsa, akwai jarrabawar Turanci da gwajin tarin fuka kafin a ba ki biza, kuma sai albashinsa ya kai adadin da suka yanke. Ya je ofishin walwalar iyali na bataliyarsu su yi masa lissafin a rubuce, kada ku dogara da an ce an ce.

Malam daga Glasgow:

Game da maganar surukarki, akwai masallaci a Inverness, ana Juma'a, kuma a nan za ki haɗu da 'yan uwa, ko da yake Hausawa sai an tona. Gaskiya ne ba za ki ji kiran salla daga ɗaki ba, jadawali da waya za su zama ladaninki. A tsakiyar bazara shafaƙi ba ya gushewa sam, don haka lokacin isha da asuba ƙaddarawa ake yi, ki bi jadawalin masallacin garin kada ki wahalar da kanki. Sa'arki ɗaya, azumi a shekarun nan yana komawa cikin hunturu, yininsa gajere ne. Mu da muka yi shi a Yuni mun kai awa goma sha tara ba ci ba sha. Karatun yara kuwa yana wuyanku ke da shi, babu makarantar allo a bakin layi. Ki taho da allo da Juz'u Amma, ki kuma shirya da malaminsu na Kumasi ya dinga yi musu ta waya. In kin gaya wa tsohuwa wannan tsarin hankalinta zai fi kwanciya.

Ɗan Asawase:

Ku bar ni in ɗan kauce. Tunda Fort George ne, bataliyar Black Watch ke nan, masu jan gashin tsuntsu a hula. Kin san kakannin wannan runduna su ne suka ja gaba a yaƙin Amoaful da Turawa suka yi da Asante a Janairun 1874, suka shiga Kumasi tare da Janar Wolseley, kwamandan Turawan, a watan Fabrairu? A wannan yaƙin kuma akwai sojojin Hausa a ɓangaren Turawa, waɗanda wani hafsan Birtaniya, Kyaftin Glover, ya ɗebo. Yau ga ɗan zangon Kumasi sanye da hularsu. In kin je ki sa shi ya kai ki ɗakunan barikin da aka gyara yadda suke a da. Maza takwas a ɗaki ɗaya, bibbiyu a gado, a nan suke girki a murhu. Matan da aka yarda su zauna 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma a cikin wannan ɗakin suke da mazan, bargo kawai ake ratayawa a kusurwa, su yi wa sojoji wanki a ba su rabin abincin soja.

Uwargidan Soja:

Ɗan Asawase kai da aka ce ka kwantar mata da hankali!

Tsohon Kofur:

Na manta abu biyu. Na farko, tun 2016 gwamnati ta sanar za ta kwashe sojoji daga barikin zuwa 2032, kuma soja ko ba haka ba ana iya sauya masa wuri. Kada ki kwaso kaya kamar mai ƙaura ta har abada. Na biyu, ki koyi mota tun kina gida. Lasisin Ghana zai yi miki shekara ɗaya kafin ki yi nasu, sai dai a hannun hagu ake tuƙi. Barikin a ƙarshen hanya yake, bayan ƙauyen Ardersier, mota ɗaya kuma in ya tafi da ita aiki kin zauna. In rana ta yi kyau ku hau kan ganuwa da yara, tsawonta ya fi kilomita ɗaya, ana hango kifin dolfin yana tsalle a mashigin ruwan. Amma ki riƙe hannun ƙaramar, iskar wurin ba ta wasa.

'Yar Zango:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya na kira shi na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Ashe suna da tafiya bayan sabuwar shekara, bai faɗa min ba don kada in fasa. Mun tsaya a kan zan fara jarrabawar Turanci da koyon mota yanzu, mu taso bayan ya dawo, wajen Yuni in Allah Ya yarda. Ya ce ranar Juma'a zai kira Mama da kansa. Yaya Uwargidan Soja, zan biyo ki ta akwatin sirri. Ina so in san ko ana barin mutum ya shigo da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, kuma rigunan sanyin yara in saya a kasuwar Kejetia ko in bari sai mun sauka?