Dynasty da Hausa: daula ko gidan sarauta?

Malamai masu fassara, ku matso mu yanke wata magana. Ina rubuta wa ɗalibai ɗan bayani kan tarihin Koriya, sai kalmar Turancin nan dynasty ta tsaya mini a wuya. Na sa gidan sarauta, na goge. Na sa masarauta, na goge. Bari in ba ku labarin tukuna, don a cikinsa ƙullin yake.

A 1388 sarkin Goriyo, wato Koriya ta wancan zamani, mai suna U ya tura janar Yi Song-gye ya kai wa Ming, masu mulkin ƙasar Sin a lokacin, hari a yankin Liyawdong. Janar bai so tafiyar ba, ya kawo hujjoji huɗu: ƙaramar ƙasa ba ta tsokanar babba, lokacin noma ne, 'yan fashin teku na Japan za su tarar da kudu ba mai tsaro, sannan damina ce, ɗankon da aka haɗa bakuna da shi zai saki, cuta kuma ta shiga runduna. Wannan ta ƙarshen ta fi burge ni, daga ji ka san mutumin ya ja baka da hannunsa. Aka ƙi jin ta bakinsa. Da suka isa tsibirin Wihwa a tsakiyar kogin Yalu, sai ya juya akalar runduna gida, ya shiga babban birni Kaesong, ya kama babban kwamanda Choe Yong, ya tuɓe sarki. Bai yi gaggawar hawa gado ba. Sarakuna biyu 'yan amshin shata ya ɗora, sai a 1392 ya zauna da kansa.

Gidan Wang da ke mulkin Goriyo tun 918 ya faɗi, gidan Yi ya hau. Da a nan abin ya tsaya, gidan sarauta ya wadatar. Haka muka sani a Kano: Kutumbawa suka wuce, daga baya Sulluɓawa suka zo, Kano tana nan Kanonta. Zazzau gidaje huɗu gare ta, sunanta bai motsa ba.

To a Koriya ƙasar ce da kanta ta sake riga. A 1393 Goriyo ta koma Joson. A 1394 aka ɗauke babban birni zuwa Hanyang, Seoul ta yau. Tun 1390 an ƙone tsoffin takardun filaye aka sake rabo, fada kuma ta ja baya da addinin Buddha ta rungumi koyarwar Konfushiyas, tsohon malamin ƙasar Sin. Gida ya yi wa wannan kaɗan. Masarauta kuwa, kunnen Bahaushen yau ya saba jin ta a ƙarƙashin gwamna.

Shi ya sa na faɗa kan daula. Wata Malama ta ce mini, “Ɗan'uwa, daula ai sai mai faɗi irin ta Usmaniyya. Joson fa gaisuwa take kai wa Ming, hatta sunanta sarkin Sin ne ya zaɓa.” Gaskiyarki, Malama, sarki Hongwu ne ya zaɓa cikin sunaye biyu da aka aika masa. Amma faɗin ƙasa ba ya cikin asalin kalmar. A Larabci daula juyi ce, wato an zo kan wasu mutane su riƙe, kuma abin da ya faru a Wihwa ke nan. Mu ne muka ƙara mata ma'anar jin daɗi, har muke cewa wane yana cikin daula.

Ga inda na tsaya: in ana nufin ƙasa da zamaninta, daula, in ana nufin dangin, gidan sarauta. Koriyawa ma sun fi son a ce Joson a kan a ce daular Yi, don sunan daular Yi yana tuna musu mulkin mallakar Japan. Jimlar da na bar wa ɗalibai: Yi Song-gye ya kafa daular Joson a 1392, gidansa ya fitar da sarakuna 27 kafin Japan ta haɗiye ƙasar a 1910.

Masar ta Fir'aunoni ce kaɗai zan bar wa gida, tunda can ƙasa ɗaya ce ake ƙirga masu riƙe ta. Tutankamun ɗan gidan sarauta na 18 ne.