Shin Gidan Zoo Kurkuku Ne?

Mai buɗe zance: Jama'a, na kai yara wani gidan zoo a hutun Sallah, muka tarar da zaki kwance haƙarƙarinsa a waje, kwamin ruwansa ya yi gansakuka, kura kuma tana ta kai-komo a kejin da bai wuce girman shago ba. Idan hukuma ba za ta iya ciyar da namun daji ba, gara ta rufe wannan kurkuku.

Wani malamin makaranta: Ɗan'uwa, kurkuku wurin masu laifi ne, shin wane laifi zaki ya yi? Kalmar ta yi nauyi a kan wurin da ɗalibai ke zuwa su ga jimina da kada ido da ido.

Wata uwa: Malam, ai ka ƙara masa hujja ne, domin tsare marar laifi ya fi muni.

Wani almajirin ilimi: Hajiya, hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ya nuna cewa ta kulle ta ne ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Saboda haka tsarewa tare da ciyarwa ba za a kira ta kurkuku ba.

Wani Bakano: Ban san inda ya je ba, amma namu na Kano tun zamanin Gwamna Audu Baƙo yake, kuma har titi ya ci sunansa. Wa ya taɓa biyan kuɗi ya shiga kurkuku yawon Sallah?

Wani mutumin Bauchi: Yallaɓai, a watan Oktoban 2019 zakinku ya kuɓuce, ya faɗa wa awakin da ke ajiye a gidan, mutanen unguwa suka kwana cikin fargaba. Wanda ke jin daɗin wuri ba ya gudu. Ku zo Yankari ku ga giwaye suna kiwo babu waya babu kwaɗo.

Bakanon: Yankari daji ne mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,000, kuma mutum yana iya yini a mota bai ga giwa ba.

Uwar: Ku da a shekarar 2019 ɗin aka ce goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga?

Bakanon: Hajiya, Ganduje, gwamnan wancan lokacin, da kansa ya ce babu goggon biri a gidan, don haka a daina yi mana wannan gori.

Mai buɗe zance: Ni fa maganar ruwa da abinci na kawo.

Mai taƙaitawa: Abin da na fahimta shi ne, masu ilimi a cikinmu sun tabbatar da cewa gidan zoo ba kurkuku ba ne, kuma ɗan'uwanmu na Bauchi tallar Yankari kawai ya zo yi. Mai buɗe zance ya janye kalmarsa tukuna, sannan a saurari ƙorafinsa.